Kwalba ta Biyar

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba wani matsayi ba ne, wani irin laifi ne da mutum ke zuwa duniya da shi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son a ba ni abinci sai ta ce da ƙanwata, "Miƙa wa wancan." In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon kaji. Ana yaye ni aka kai ni Roni wurin Goggo, yayar mahaifina, a can na girma, sai da zan shiga sakandare na dawo Kazaure. Kunya ce irin ta Fulanin gidanmu, haka suka gada, kowa ya sani, ni ma na sani. Sanin dai bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

Inda ya fi ci mini rai shi ne wajen tsaraba. Tun da na fara aiki a Abuja ban taɓa zuwa gida hannu rabbana ba, ita kuma ba ta taɓa riƙe ko tsinke daga abin da na kawo ba. Cin abin ɗan fari a idon mutane rashin ta ido ne, don haka da na juya baya sai rabo. Bargo mai laushi da na sayo mata, a igiyar shanyar maƙwabta na gan shi. Wayar da na kawo, Kawu ne ya kira ni da ita daga Gwiwa yana yi mini godiya. Agogon bango kuwa har yau yana masallacin unguwa, yana gaya wa jama'a lokaci da kuɗina. Akwai gidajen da in na shiga a unguwarmu sai in ji kamar albashina nake zagayawa.

Ya kamata in faɗi ko wace ce Inna a unguwar. Ita ake kira in mace ta rasu, ita ke wanka, ita ke suturtawa. Ita ke biya wa tsofaffin mata karatu a zauren gidanmu da hantsi. In mata biyu suka yi cacar baki, aka ce "Hajiya ta ce a bari," to an bari. Mahaifinmu ya rasu bai bar mata gona mai yawa ba, abin da take da shi a duniya sunanta ne, kuma ta fi shekara arba'in tana tattalinsa.

Shekarar da abin ya faru, a ofis na fara jin wai akwai ranar uwa. A Kazaure ba mu san da ita ba. Abokan aikina suka yi ta shirye-shirye, wannan zai aika fure, wancan zai aika kek. Na shiga wani babban kanti na tarar an shirya teburi guda da jan ƙyalle, an jera kwalabe daga ƙasashe daban-daban, an rubuta cewa kyauta ce ta iyaye mata. Na san irin abin. Ruwan inabi ne na kwalba mai dogon wuya, wanda 'yan birni ke cewa wayin, akwai na giya akwai wanda ba giya a ciki, kuma marar giyar babu bikin 'yan boko a Kano ko Abuja da ba a buɗe shi ana tafi. Nan take dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke faɗo wa mutumin da ya ƙoshi. Inna ba ta taɓa fita ƙasar nan ba sai aikin Hajji. Zan kai mata duniya har kan tabarmarta ta ɗanɗana.

Na ce da yarinyar da ke tsaron wurin ta ba ni marar giya, guda biyar, kowace daga ƙasarta. Ta ciro daga nan ta ciro daga can tana amsa waya. Ta Faransa, ta Italiya, ta Turkiyya, ta Afirka ta Kudu, ta Sifaniya. Huɗu suna ta ƙyalli, wuyansu naɗe da takardar gwal kamar amare. Ta Sifaniyar ce kawai baƙa ƙirin, ba ado, takardar jikinta ma kamar an yago daga tsohon littafi. Ban karanta komai ba. Na dai jera su a bayan mota na ɗauke su hoto, domin a zamanin nan alherin da ba a ɗauka hoto ba kamar ba a yi shi ba ne.

Na iso Kazaure da la'asar, ana zafin bazara. Inna na zaune a tsakar gida tana tsince wake, ƙanwata na gefenta. Ita ce autarmu, malamar firamare ce, tana aure a bayan layinmu, amma kullum tana gidan. Na gaisa, na dire kwalin, na buɗe, na shiga bayani kamar mai tallar magani a tasha. Wannan daga ƙasa kaza, wannan inabinta a kan dutse yake fitowa. Na ce yau ranar uwa ce a duniya.

Inna ta ce da ƙanwata, "Sauran ranakun na waye?"

Ƙanwata ta ƙyalƙyale da dariya. Inna ta ce a kai kwalin ɗaki, Allah ya yi albarka, ba ta ko ɗaga kai ba. Ban san abin da ya hau kaina ba, wataƙila zafin hanya ne, wataƙila na shekaru ne. Na ji bakina yana cewa, "Inna, don Allah ko sau ɗaya dai ki riƙe wani abu nawa. Ko sau ɗaya."

Ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba in ba gaisuwa ba. Ta watsa wa kaji ɓarzajjen wake, ta ce da ƙanwata ta duba ko ruwan randa ya yi sanyi a ba wa baƙo. Baƙon ni ne. Washegari na koma Abuja ina jin haushin kaina da na kowa.

Kwana uku bayan nan nake nuna hoton a ofis. Akwai wata abokiyar aikina 'yar Jos, Kirista, mace mai kirki da son raha. Ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu, ta dube ni, ta sake duban hoton.

Ta ce, "Mamanka tana sha ne?"

Na ce, "Shan me?"

Ta sa farce a kan baƙar kwalbar. "Waɗannan huɗun lemo ne, ko jariri ya sha. Wannan kuwa ta gaske ce. Mijina na sonta. Kofi biyu za ka fara gaya wa mutane gaskiya."

Ba tunanin Inna za ta sha na yi ba, wannan ko a mafarki bai zo mini ba, na san ba ta riƙe ba. Abin da na gani a idona shi ne kwalbar a wani gida, an buɗe, an zuba a kofuna, wani ya kurɓa ya tofar, sannan a tambayi daga ina ta fito, a ce daga gidan Hajiya mai wankan gawa. Labari irin wannan ba ya buƙatar mota. Kafin magariba ya kai Babura, kuma ba wanda zai tsaya jin bayanin yarinyar kanti da wayarta. Abin da ya ƙara dagula lissafin, saura kwana uku a fara duban watan azumi, kuma na san mutanenmu, duk wani abin sha mai daraja ajiye shi ake yi sai buɗa bakin farko.

Na fita waje na kira ƙanwata. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaya ko an taɓa kwalin nan.

Ta ce, "Yaya, kai ma ka san amsar. Ko Ɗambatta ba ka kai ba aka fara."

Ta lissafa mini. Ɗaya gidan liman, ɗaya Babura wurin aminiyar Inna da suka je Hajji tare, ɗaya Gwiwa wurin Kawu, ɗaya Roni wurin Goggo. Na ce saura ɗaya. Ta ce ita dai huɗu aka ba ta ta aika, wataƙila ta biyar Inna ta ba wa wani da hannunta, baƙi ba sa yankewa a gidan. Na tambayi wace kala ta tafi ina. Ta ce ita ina ta sani, kowace a ƙulle cikin baƙar leda Inna ta miƙo mata. Sannan ta ce, "Lafiya dai? Kai da ka bayar, kuma kana bin sawu?"

Nan ne gizo yake saƙar. A wurinmu ba a bin diddigin kyauta. Ba zan iya kiran Kawu in ce wace irin kwalba aka kawo maka ba, sai ya ce yaron nan yana ƙirga abin da uwarsa ta bayar. Ba zan iya tambayar Inna ba, mu da ko hira ba ma yi. In kuma na faɗa wa ƙanwata gaskiya, na faɗa wa mijinta, na faɗa wa malaman makarantarsu. Hanya ɗaya ta rage, in je kowane gida da ƙafata in gani da idona. Na nemi izini a ofis na ce wani uzuri ne na gida, da asuba na kama hanya.

Inna ta gan ni ta ce da ƙanwata, "Wancan kuma lafiya?" Na ce zumunci na zo yi kafin azumi. Ƙanwata ta dube ni kamar na ce na zo sayar da jirgin sama. Rabona da Gwiwa shekara shida, Babura kuwa tun ina ɗalibi.

Na fara da gidan liman don shi ya fi ba ni tsoro. Na same shi a zaure. Ina durƙusawa na hango ta a kan kantar littattafai, koriya, wuyanta na gwal, ta Afirka ta Kudu. Na sauke wata ajiyar zuciya da har sai da ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Na ce, "Lafiya lau, Allah gafarta Malam, gajiyar hanya ce."

Ya ce ya ajiye ta ne sai ranar farko, a kai masallaci kowa ya samu ko kurɓi ɗaya ne, albarkacin Hajiya. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Ya ce samarin yanzu sai su shekara ba su leƙo gida ba, amma ga ni sau biyu cikin mako guda, kuma in Allah ya yarda zai kawo misalina a wa'azi. Na ce amin, ina tunanin da baƙar ce ta zo gidan nan, da wa'azin ya fi haka armashi.

Washegari da sassafe na nufi Babura ta Kanya Babba. Aminiyar Inna 'yar kasuwa ce, tana sayar da atamfa da turare a cikin gida, rabin masu sayenta daga Nijar suke zuwa. Ko aji ɗaya ba ta yi a boko ba, amma tana juya sefa zuwa naira a ka kafin ka ciro waya. Ta rungume ni da faɗa, ta ce ai ta zaci sai a makokinta za ta gan ni. Aka kawo fura. Ban ma kai ga dabarar da zan kawo zancen ba ta kawo shi da kanta.

Ta ce, "Na ga saƙon uwarka. Amma ni fa ɗan nan, duk abin da ya zo a kwalba mai dogon wuya, ba na kai shi baki sai an karanta mini. Na aika wa wani mai canji mutumin Magarya, ya karanta Faransancin tsaf, ya ce ba komai ciki sai inabi da iska. Ka san duniyar yanzu. Wani sakaran sai ya kwaso maka giya bai sani ba."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya, akwai sakarkaru."

Ta Faransar ce tata ke nan. Na shanye furar, ni da digirina biyu, na yi sallama.

Daga can na yanko na dawo ta Kazaure ban tsaya ba, na wuce Gwiwa, rana ta take. Kawu ƙanen Inna ne, manomi, yana kiwon 'yan shanu, mutum ne mai son labari da ƙarin gishiri. Na same shi a gindin darbejiya a ƙofar gida yana gyaran kekensa. Da ya gan ni sai ya tashi yana tafa hannu, ya aika a gaya wa mutanen gida ɗan Abuja ya yi ɓatan kai.

Muna zama ya ce, "Kai, wannan abu da ka kawo wa uwarka da ƙarfi yake!"

Na ce, "An sha ne, Kawu?"

"An sha mana. Wa zai jira azumi? Ranar kasuwa muka buɗe a nan wurin, mu bakwai, har da ladan. Ina kurɓa na ji ya tafi hanci, ya hau ka, idona ya kawo ruwa. Na yi ta gyatsa. Ladan ya ce shi jikinsa wani iri yake ji. Ni kuwa da na kwanta a nan ban farka ba sai da la'asar ta kusa wucewa."

Gumi ya karyo mini har cikin takalmi. Ladan. Mutum bakwai. Na tambaya, da muryar da ba tawa ba, ko kwalbar na nan. Kawu ya yi mini wani kallo, ya ce au, da kwalbar ake mayarwa kamar ta lemo? Na ce a'a, sunan kamfanin nake son gani don in ƙaro masa. Nan fuskarsa ta washe. Ya shiga gida da kansa, ya daɗe, na ji yana jayayya da matarsa. Can ya fito da ita cike da man gyaɗa, an toshe bakin da leda. Fara ce tas, ta Italiya. Iskar cikinta ce ta hau masa hanci, barcin kuma nasa ne na kullum, ya dai samu wanda zai ɗora wa. Na yi masa alkawarin kwali guda, kuma har yau yana tuna mini.

Saura Roni. Na bar ta ƙarshe da gangan, domin Goggo ce ta raine ni, kuma ban taɓa yi mata ƙarya ta kwana ba. Na shiga garin bayan la'asar, duwatsun nan na ta huci. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗa nono. Ta tsufa, idonta ɗaya ya yi hazo, amma ɗayan ya ishe ni. Kwalbarta na kan taga ba a buɗe ba, ja mai gwal, ta Turkiyya. Na dube ta na kau da kai. Huɗu ke nan, kuma baƙar ba ta cikinsu.

Goggo ta ce, "Tun da ka shigo kwalba kake gaisarwa ba ni ba. An ce ka je Babura, an ce ka je Gwiwa. Kai da ko sallah sai an roƙe ka. Me ka yi?"

Na ce ba komai. Ta ci gaba da kaɗa nonon. Ban kai minti biyu ba na zazzage mata komai, tun daga teburi mai jan ƙyalle har ladan.

Ta yi dariya har sai da ta ajiye maburgi ta riƙe ciki. Ta ce, "Ja'iri! Ranar uwa! Ka rasa abin kai wa mai wankan gawa sai barasa!" Ta share hawaye da gefen mayafi. Sannan ta tambayi guda nawa na kawo. Na ce biyar. Ta ce nawa na gani. Na ce huɗu, ta biyar ce ban san wa Inna ta ba wa ba, ina tunanin ko danginmu na 'Yankwashi ne, ko wata baƙuwa.

Ta ce, "Duk garuruwan nan ka zaga, gida ɗaya ne ba ka duba ba."

Na ce, "Goggo, Inna ba ta riƙe abina. Ba ta taɓa ba."

Ta ce, "Ka taɓa roƙonta?"

Sai na tuna maganar da na yi wa Inna a tsakar gida ranar da na kawo kwalin. Ta dube ni da idon nan mai kyau, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce in ɗauko mata takalmanta da mayafin fita, wannan magana ba ta bakina ba ce, ni da uwata ba mu iya magana ba, sai da tafinta.

Muka iso Kazaure rana ta yi sanyi, ƙanwata ta tafi gidanta. Inna ta tari Goggo da murna, ta shimfiɗa mata darduma a ɗaki. Ni na zauna a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje, inda ɗan fari ke zama. Suka gaisa, suka tambayi shanu, suka tambayi masu ciwo. Sannan Goggo ta ce, "Kayan da yaron nan ya kawo, akwai wata baƙa a ciki. Tana ina?"

Inna ta gyara ɗankwali. Ta ce an rabar da kaya ai.

Goggo ta ce, "Na san an rabar. Baƙar nake tambaya."

Ban taɓa ganin Inna ta rasa inda za ta sa idonta ba sai ran nan. Ta dubi bango, ta dubi ƙasa. Can ta tashi ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta. Duk gidan mun san akwatin nan, kuma ba mai taɓa shi. Likkafaninta ne a ciki, wanda ta sayo a Makka, da 'yar jarkar zamzam da ta ce a yayyafa masa in ranar ta zo. Ta buɗe, ta ɗaga farin yadin, ta ciro baƙar kwalbar daga ƙarƙashinsa.

Ta ce da Goggo, a hankali, "Na ga duk ta fi muni. Na ce ba wanda zai ce na zaɓi mai kyau."

Shekara ashirin ina jiran wannan, kuma ga yadda ya zo mini. Goggo ta karɓi kwalbar ta juya ta a haske. An ɓare baƙar robar da ke bakinta. Ba marfin murɗawa gare ta ba, wata toshiya ce kamar ɓawon itace aka cusa a wuyan, kuma duk saman toshiyar ya farfashe da sawun wuƙa.

Goggo ta ce, "Kin yi ƙoƙarin buɗewa ke nan."

Inna ta ce, "Sau uku. Ta ƙi. Na so in ɗanɗana ne kafin azumi, in ya tambayi yarinyar nan ta ce masa na sha." Ta dubi toshiyar. "Kuma wa zan ba ya buɗe mini? Sai a ce na ɓoye abin wancan."

Kunyar da na yi shekaru ina tsine wa a zuciyata, ita ce ta tsaya tsakanin Inna da kofin giya. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, na rasa wanda zan fara.

Goggo ta buɗe baki za ta yi bayani, na ce ta bari. Wannan kam nawa ne. Na matso cikin ɗakin, na durƙusa, na ce, "Inna, giya ce. Ban sani ba na sayo, ban karanta ba. Sauran huɗun ba komai, na je na duba su duka. Wannan ce kaɗai. Ki yafe mini."

Ta yi salati. Ta dubi kwalbar, ta dubi akwatin a buɗe, ta dubi farin yadin da kwalbar ta kwana shida a ƙarƙashinsa. Na jira faɗa, na ma fi son faɗan. Abin da ta ce da Goggo kawai shi ne, "Shi ya sa ya je Gwiwa."

Ni na yi aikin zubarwa. Ba mu da abin buɗe irinta, sai na samo doguwar ƙusa da dutse na dinga bugun toshiyar har ta faɗa ciki, jan ruwan ya fantsamo mini a gaban riga. Na kai masai na tuttular, wani tsami-tsami ya tashi, na bi da ruwa buta biyu. Na fito da nufin in sa kwalbar a mota in jefar a can hanyar Kano inda ba wanda ya san mu. Sai na tarar da Inna tsaye a bakin rariya da bokiti, da toka, da sabulu, da 'yar yashi a murfin kwano. Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba.

Ta wanke ta ciki da waje, ta zuba yashi ta girgiza, ta ɗauraye, ta sake. Ban ƙirga ba, amma Goggo ta ce sau bakwai. Ta jiƙa takardar jikin ta kankare da farce har ba sauran harafi. Toshiyar ce kawai ta ƙi fita, tana ta yawo a ciki.

Goggo ta ce, "Ke, kwalbar giya ce fa. Me za ki yi da ita?"

Inna ta ɗaga ta ta duba a hasken yamma, ta goge da gefen zaninta. Ta ce, "An zubar musu da nasu. Wannan tawa ce."

Ba ta mayar da ita akwati ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe kabad ɗin da take jera kwanukanta na aure, inda duk macen da ta shigo gaisuwa sai ta gani, ta matsar da wata tasa, ta tsayar da ita a gaba.

Ba wanda ya ji labarin sai mu uku, kuma liman ya kawo misalina a wa'azi kamar yadda ya ce. Bara na kai wa Inna atamfa turmi uku da kwalin dabino, kafin in kai Ɗambatta ƙanwata ta kira ta ce an rabar, ban ji komai ba. Har yau ba ta kira sunana ba, kuma na daina jira. Ƙanwata ta ce matan da ke zuwa karatu kan tambayi mece ce wannan baƙar kwalba da ba komai a ciki, Inna kuma takan ce, "Wancan ne ya kawo," ta ci gaba da biya musu. Ran Juma'a da safe takan sauke kayan kabad ta goge. In ina gari, daga bakin ƙofa inda nake zaune, ina jin toshiyar nan tana ƙwanƙwasa gilashi a hannunta.